Wasika: Kayan golf ne ke korar dattawa daga fili

Assalamu alaikum, ranka ya dade Edita.

Ina rokon dan fili a shafin wasiku domin akwai maganar da ta dade tana cina a rai kuma ban ga mai tabo ta ba. Akwai mu 'yan tsiraru, dattawa da muka rike wasan golf, wanda wasu ke cewa kwallon lambu, a matsayin abun motsa jiki bayan mun ajiye aiki, kuma da idona nake ganin yadda muke raguwa daya bayan daya. Wasu kam jiki ne ya ki, wannan babu yadda za a yi, amma wallahi mafi yawan wadanda na sani kayan wasan da ba su dace da jikinsu ba ne suka kore su, mutum yana dauke da sandunan da ya saya yana dan shekara 45 yana so su yi masa aiki yana da 70, in sun ki sai yace ai shi ne ya kare, ya jingine jaka a bayan kofa shikenan.

Ni shekarata 68, na fara buga golf ina da 41. Shekara uku da suka wuce saura kiris nima na bi sahunsu. Duk bugun farko da zan yi da direba, wato babbar sandar nan mai katon kai da ake fara wasan kowane rami da ita, sai kwallon ta tafi kasa-kasa kamar tana jin tsoron sama, ta karkata dama ta fada ciyawa, ga gwiwar hannuna ta dama tana zugi tun daga rami na 6 har in koma gida, da dare sai na sa kankara. Na je wani shago na yi korafi, yaron da ke wurin ko kallon yadda nake rike sanda bai yi ba, ya dauko min sabuwar direba yace irinta manyan kwararru ke bugawa, na biya na taho, sati biyu abun ya kara lalacewa. Har yau ina jin haushin wannan cinikin, domin ya ga furfura a kaina, ya kamata ya tambaye ni ko yadi nawa kwallona ke zuwa kafin ya mika min komai.

Wanda ya cece ni wani matashin koci ne. Ya tsayar da ni gaban na'urar nan da ke auna gudun kan sanda lokacin da ya hadu da kwallo, yace Baba buga guda biyar yadda ka saba kar ka kara karfi. Na buga. Ya juyo min da allon, lambar tana wasa tsakanin mil 77 da 80 a awa. Sai ya karbi sandata ya nuna min harafin S a jikinta da lamba 9.5 a gindin kan, yace Baba wannan sandar an yi ta ne domin mai gudun da ya kai mil 95 ko sama da haka, su kwararrun da kake gani a talabijin matsakaicinsu ma ya haura mil 110. Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar direba duk fentinta ya kode, mai harafin A da lamba 13, mara nauyi kamar ba karfe a jikinta. Bugun farko naga kwallon ta tashi sama tana tafiya tana tafiya, na tsaya rike da sanda ina binta da ido har ta sauka a tsakiyar fili, rabon da in ga haka na manta. Hawaye ne suka cika min ido a wurin, domin na riga na gama yanke hukunci a raina cewa wasan ya fi karfina.

Toh abun da na fahimta daga ranar shi nake so 'yan uwana dattawa su ji. Lambar nan 9.5 ko 13 digiri ce ta kwanciyar fuskar sanda, su masu wasan suna ce mata lof. Iya yawan lambar iya yadda fuskar ke kallon sama. Mai karfi in ya maka wa kwallo gudunta kadai da juyawar da take yi a iska sun isa su daga ta, shi yasa digiri 9 ko 10 ke isarsa. Mu da gudunmu ya ragu kwallon ba ta samun wannan dagin, sai ta fado tun ba ta gama tafiyarta ba. Ka dauki misalin yaro da babba suna jifa su tsallake kogi, babban zai iya wurga dutsen a mike ya kai, yaron dole ya daga hannu ya jefa sama-sama in yana so ya kai gaci. Mu yanzu hannun yaron gare mu, digiri 12 zuwa 14 shi ne namu, kuma karin fa'idarsa kwallon ta fi tafiya a mike domin karkacewar nan ta dama tana raguwa in lof ya karu. Da yawa daga cikin direbobin zamanin nan ma ana iya kara musu digiri daya ko biyu da dan makullin da ke zuwa tare da su, akwai wadanda na sani makullin na cikin aljihun jakarsu shekara da shekaru ba su taba sanin amfaninsa ba.

Sai jikin sandar, wato shaf. Haruffan da ake rubutawa su ne L da A da R da S da X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri, A din shi ne wanda aka ware wa dattawa. A nan girman kai ke shigowa, kuma na fadi haka ne da girmamawa domin nima na yi. Dattijo zai ga kamar an rage masa daraja in aka ga A a jikin sandarsa, wani ma har ya sa salatif ya rufe harafin. Alhali shaf mai tauri a hannun mai gudu kadan ba ya lankwasa ya dawo a kan lokaci, sai fuskar sandar ta iso a bude kwallon ta tafi dama kasa-kasa, sai mutum ya kara karfi domin ya rama, kafada da kugu su biya bashin. Sannan a sani haruffan nan babu wata doka da ta daidaita su tsakanin kamfanoni, R din wannan kamfani zai iya zama A din wancan, saboda haka kar ka saya da ido, ka buga da ita tukuna. Nauyi ma abun dubawa ne, shaf din karfe na sandunan ayon, wato masu siririn kan karfe da ake bambanta su da lamba, yawanci yana haura giram 100, wasu har 130, na girafait kuwa, wato wani abu mara nauyi da ake kera shaf da shi maimakon karfe, zaka samu na giram 60 ko 70, kuma girafait yana shanye girgizar da ke hawowa hannu in ka daki kasa. Ciwon gwiwar hannun da na ce yana hana ni barci, wata biyu da komawata girafait ya lafa. Ban ce magani ba ne, mai ciwo ya je asibiti, amma ni abun da ya faru da ni kenan.

Maganar ayon 3 da 4, har ma da 5 ga wasunmu, gajeriya ce: a cire su daga jaka. Fuskarsu a tsaye take, suna bukatar gudun da ba mu da shi. Haibirid, wato sandar da siffarta ke tsakanin ayon da direba, aka yi domin wannan gurbin, kanta ya fi fadi, nauyinta na kasa da baya, tana dauko kwallo ko daga cikin ciyawa mai tsayi ta daga ta sama. Wanda ke ganin sandar ragwaye ce ya tuna 2009 a gasar PGA da aka yi a Hazeltine, Y.E. Yang dan Koriya ta Kudu da haibirid ya yi bugun da ya kai kwallonsa kusa da rami na 18 ya kayar da Tiger Woods, ya zama namiji dan Asiya na farko da ya ci daya daga cikin manyan gasanni hudu. In mai wannan matsayi bai ji kunyarta ba ina dalilin da ni da kai za mu ji. Ni yanzu haibirid uku ne a jakata da wud mai lamba 7, wato sanda mai dunkulallen kai kamar karamar direba, kuma wud 7 dinnan ita ce sandar da na fi yarda da ita a duk jakar, wud 3 kuwa na bayar da ita kyauta domin daga kasa ba na iya daga ta.

Akwai wata dabara ta kamfanoni da ya kamata a fallasa. A da ayon 7 kwanciyar fuskarta wajen digiri 34 ko 35 ce, yanzu zaka samu sabbin seti da ayon 7 dinsu digiri 28 ko 29, wato ayon 5 ce ta da aka canza wa lamba. Ka je gwaji a ba ka ita ka buga kaga ta fi taka tsohuwa nisa da yadi goma, ka yi murna ka biya, sai ka je fili kaga kwallon tana zuwa a kwance ta daki girin, wato lallausar ciyawar da ramin ke cikinta, ta wuce ta baya domin ba ta sauko daga sama ba. Ga mai karfi wannan ba matsala, ga dattijo kuwa babbar matsala ce, domin ayon 5 da 6 na irin wannan setin ba za su tashi ba sam. Saboda haka in zaka sayi ayon ka tambayi digirin kowace, kar ka tsaya a lambar da aka buga a gindinta, yanzu akwai setin da aka kera musamman da karin lof da rashin nauyi domin masu gudu kadan. Kuma ka nemi mai rami a bayanta da fadin gindi. Wannan tsarin na tura nauyi zuwa gefe-gefen kan sanda Karsten Solheim ne ya yada shi, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping a garejin gidansa a 1959, hikimar ita ce ko ba ka daki kwallo a tsakiyar fuska ba kan sandar ba zai murde sosai ba. Mu da ido ya fara rauni hannu ya fara rawa, sau nawa muke samun tsakiyar a rana? Siraran ayon masu kyalli irin na kwararru suna da kyau a ido, na yarda, amma ba sa yafiya ko kadan.

Doka tace kar sanduna su wuce 14 a jaka, kuma ba wasa ake da ita ba, a babbar gasar Open ta Birtaniya ta 2001 an ci tarar Ian Woosnam bugu biyu a ranar karshe saboda an samu 15 a jakarsa, direba biyu. Amma dokar ba ta ce dole sai sun kai 14 ba. Wannan ya dade bai shiga kaina ba. In gudu ya ragu tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ma raguwa take yi, ka je filin atisaye ka buga goma-goma da kowace ka rubuta nisan da kwallon ke sauka, nisan gaskiya fa wanda ka fi yawan samu, banda na ranar da ka yi sa'a sau daya a 2015. Zaka tarar wasu biyun wuri daya suke kaiwa, toh dayar kaya ce kawai kake dauka. Ni guda 10 nake fita da su, jakar ta yi sauki, tunani ma ya yi sauki.

Sai mariki, robar nan da ake rikewa, wadda kowa ke mantawa da ita alhali ita kadai ce hannunka ke tabawa. Ina da amini da muka fi shekara 20 muna wasa tare, ciwon gabobi ya kama masa yatsu har na tsakiyan ba ya nadewa duka. Wata rana da safe na lura kafin ya buga sai ya sa hannun hagu ya lankwasa yatsun dama daya bayan daya a kan sandar, yana cije lebe, sannan ya daga. Na karbi sandar na shafa marikin, sumul yake kamar kwalba ya bushe ya yi kyalli, yace tun da ya sayi setin bai taba canzawa ba. Mariki in ya tsufa dole ka matse shi da karfi domin kar ya subuce, matsewar ita ke kashe yatsu ta daure wuyan hannu ta kuma rage gudun da dama ba shi da yawa. Muka kai aka sa masa masu kauri masu laushi, washegari ya kira ni yace ya gama rami 18 bai sha maganin ciwo ba. Cikin duk gyaran da na lissafa wannan ne mafi araha, kuma mai wasa duk sati ya kamata ya canza kamar sau daya a shekara, tsakani kuma ya dinga wankewa da ruwan dumi da sabulu.

Yanzu bari in zo kan kwallo, domin a nan aka fi cin kudinmu a banza kuma a nan aka fi yi mana tatsuniya. A doka duk kwallon golf nauyinta ba zai wuce giram 45.93 ba, fadinta kuma ba zai gaza milimita 42.67 ba, har gudun da za ta iya tashi da shi hukumomin R&A da USGA masu tsara dokokin golf sun kayyade, saboda haka duk wanda yace maka ga wata halattacciyar kwallo da za ta kara maka yadi 30, ka rike kudinka. Bambancin yana ciki ne da kuma bawo. Akwai mai hawa biyu, katon ciki na roba da bawo mai tauri irin Surlyn, tana da juriya da araha kuma ba ta cika juyawa ba. Akwai mai hawa uku zuwa biyar da bawon yuretan mai laushi, irin Pro V1 da Titleist ta fitar a 2000 ta canza wasan kwararru gaba daya, wannan tana kama fuskar wej, wato sandar gajeren bugu mai daga kwallo sama, ta juya sosai ta tsaya cak a kan girin. Sai kuma abun da suke kira kamfireshan, wato yadda kwallo ke matsuwa in an dake ta, masu laushi lambarsu na kasa kamar 40 zuwa 60, na kwararru kuwa wajen 90 zuwa 100 ko fiye.

Abun da ake yawan fada wa dattawa shi ne sayi mai laushi za ta fi nisa. Ni na gwada da kaina, kwali-kwali, kuma gaskiyar da na gani ita ce a irin gudunmu bambancin nisa tsakanin mai laushi da mai tauri kadan ne kwarai, taku biyu ko uku, wani lokacin ma babu. Amfanin mai laushi a wani wurin yake. Ba ta dukan hannu, musamman da sanyin safiya lokacin da mai tauri ke zama kamar ka daki dutse zafin ya hau har kafada, sannan da yake ba ta juyawa da yawa in ka yi kuskure ba ta lankwasa ta shige daji kamar yadda mai tsadar ke yi. Wannan kadai ya isa dalili ga yawancinmu. Amma ba zan ce kowa ya guji mai yuretan ba, akwai dattawan da nisa ya tafi amma hannunsu a kusa da girin har yanzu zinari ne, daga yadi 40 za su ajiye maka kwallo kusa da tuta, kuma sai su yi wata guda ba su batar da ko daya ba. Irin wadannan kam su saya, za su ci moriyarta, har akwai masu yuretan masu laushin ciki da aka yi saboda su. Wanda kuwa ke zubar da uku ko hudu a ruwa duk fita, ya sayi mai hawa biyu ya buga hankali kwance, domin tsoron batar da kwallo mai tsada shi kansa yana bata bugu, na sha ganin mutum ya zo ramin da ke da ruwa a gaba jikinsa ya daure tun kafin ya daga sanda.

Yadda kocin nan ya koya min zabe shi ne daga rami ka faro ka dawo baya. Ka dauki iri biyu ko uku ka je girin din atisaye ka fara da fota, wato sandar gangara kwallo cikin rami, ka ji wacce sautinta da taushinta suka kwanta maka, sannan ka matsa baya ka yi gajerun bugu da wej, sannan ayon 7, direba ita ce karshe. Dalili kuwa direba sau 14 kacal zaka taba ta a mafi yawan filaye, sauran bugun duk na kusa ne. In ka samu wadda ta yi maka toh ka zauna a kanta. Wannan shi ne abun da na fi so a dauka a duk maganar kwallo, domin jakar yawancinmu kamar kasuwa take, wannan an tsinta a ciyawa wannan jika ya kawo tsaraba wannan an ciro daga tafki, kowace da halinta, yau ka buga fot ya wuce gobe ya gaza kana zargin hannunka alhali kwallon ce ta canza. Wadanda ake cirowa daga ruwa ana sake musu fenti kuwa babu mai iya gaya maka wata nawa suka yi a jike, a bar su wa atisaye.

Kala ma ba karamin abu ba ne. Tun 2019 lokacin neman kwallon da ta bata ya koma minti 3 daga minti 5, kuma idon dan shekara 70, balle mai fama da yanar ido, farar kwallo tana bace masa a cikin farin gajimare tun tana sama. Na sha tsayawa a bakin ciyawa ni da abokan wasa muna sunkuye muna tona da sanda, na bayanmu suna jira, minti 3 ya cika in koma in sake bugu da tara, daga baya a tarar da ita a fili sarari taku goma daga inda muke nema. Ranar da na koma ruwan dorawa wannan wahalar ta ragu da fiye da rabi a wurina, ina ganinta tun daga tashi har sauka. Wasu sun fi ganin ruwan lemu, kowa ya gwada da idonsa a irin ciyawar da yake wasa. Doka ba ta hana ba, Jerry Pate da kwallo ruwan lemu ya ci gasar Players a 1982. Kuma ka sa mata alama da alkalamin maka, babba yadda zaka gane taka ba sai ka durkusa ba.

Na ji wasu na cewa za su tara kwallaye saboda sanarwar da R&A da USGA suka yi a Disambar 2023 cewa za a canza yadda ake gwada kwallo domin rage nisanta. Masu dukan da ya wuce hankali aka nufa da wannan, su hukumomin da kansu sun ce mai wasan nishadi abun da zai rasa bai wuce yadi 5 ba, mu masu mil 78 kuwa da kyar ma mu lura. Kar kowa ya tada hankalinsa.

Fota ba zan ja ba domin ita zabin zuciya ce, amma mai ciwon baya ya sani ba dole ne ya dinga dukawa kamar mai neman allura ba. Akwai dogaye. Abun da aka hana tun 1 ga Janairun 2016 shi ne ka kafe kan sandar a kirji ko ciki, doguwar fota ita kanta halal ce, Bernhard Langer dan Jamus da ita yake wasa kuma shi ya fi kowa yawan cin kofuna a gasar 'yan sama da shekara 50, ya wuce Hale Irwin a 2023 yana da shekara 65. Mai fadin kai ta fi yafiya ga hannun da ke rawa, mariki mai kauri ma yana taimakawa a nan. Akwai kuma 'yar robar da ake makalawa a karshen mariki ta dauko maka kwallo daga rami ba sai ka sunkuya sau 18 ba, kugunka zai gode maka.

Duk wannan gyaran ba zai cika ba in mutum ya nace sai ya buga daga ti na baya, wato wurin bugun farko mafi nisa da rami, inda samari ke bugawa. A 2011 hukumar PGA ta Amurka da USGA sun yi wani kamfe mai suna Tee It Forward suna rokon mutane su matsa gaba su buga daga inda ya dace da nisansu, kuma tsarin handikaf na duniya, wato makin rangwame da ke daidaita gwani da wanda bai kai shi ba, da aka fara a 2020 yana lissafa wahalar kowane ti, saboda haka babu wanda ka cuta in ka matsa. In ramin da aka tsara a kai girin da bugu biyu kai kullum sai ka yi uku ko da ka buga lafiya lau, toh ba wurin tsayuwarka ba ne. Tom Watson yana da shekara 59 ya kusa cin Open a Turnberry a 2009, sai a karin ramuka Stewart Cink ya kayar da shi, kuma duk wanda ya kalla ya san da dabara da sanin inda zai ajiye kwallo ya kai wurin, samarin da ya bari a baya duk sun fi shi karfin duka.

Ina kira ga 'ya'yanmu masu son faranta mana, Allah ya yi muku albarka, amma don Allah kar ku sayo wa Baba sandar da kuka ga kwararre irin Rory McIlroy na bugawa. Ku kai shi a auna gudunsa da tsayinsa da girman hannunsa, abun ba ya wuce awa daya, sannan a saya, ko da na hannu ne wanda aka yi amfani da shi, direbar shekara biyar ko shida da ta wuce mai lof daidai ta fi sabuwa fil da ba ta dace ba. Masu shaguna da koci-koci kuma ku ji tsoron Allah ku dinga tambaya kafin ku mika, dattijo ba zai ce muku karfinsa ya ragu ba, ku ne za ku gano ku fada masa cikin ladabi kamar yadda yaron nan ya yi min.

Akwai wani yayanmu a wasan, shekararsa 74, wata takwas kenan bai taka fili ba, da na je gaishe shi yace kwallo ta daina tashi masa kuma ba ya son ya dinga bata wa mutane lokaci. Na leka jakarsa a bayan kofa, ayon 3 na ciki, shaf duk karfe ne masu S, marikan sun bushe. Na roke shi ya ba ni rana daya kawai, ya yi shiru can yace toh Asabar. Na riga na ware masa haibirid dina mai lamba 5 da kwallaye shida ruwan dorawa, kocin ma yace zai zo da tsohuwar direbar nan mai digiri 13 in har ba a saye ta ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
Wani dattijo mai son golf